Abin da na tarar a jakar Baban Nasiba

Litinin, 6 ga Fabrairu
Kwana goma sha biyu da rasuwar Baban Nasiba. Yau Mahamudu, abokin tuƙinsa, ya kawo jakarsa daga Kwatano. Na buɗe ina zaton kayan sawa ne. Su ne, amma a ƙasa akwai wata leda: tabarau na roba mai igiya, hular roba baƙa, gajeren wando, da wani allo mai laushi kamar soso. Sai ƙaramin abu kamar matsen shanya, da 'yan robobi biyu. Duk suna warin jabel, ruwan nan na farar da kaya.

Mene ne wannan?

Laraba, 8 ga Fabrairu
Na tura wa Nasiba hoto a Yamai. Ta ce, "Mama, kayan iyo ne. Na hanci da na kunne ke nan." Na ce ubanki? Mutumin da ko tabkin Dogarawa muka gifta sai ya kau da kai? A can yayansa ya nutse suna yara. Goggo, uwarsu, ta sa shi ya rantse ba shi ƙara shiga ruwan da ya wuce gwiwa. Shi ya faɗa mini da bakinsa.

Ko saƙon wani ne? To igiyar tabarau an ɗaure ta inda ta tsinke, kuma ɗaurin nasa ne. Haka yake ɗaure buhu.

Alhamis, 9 ga Fabrairu
Na auna hular da kaina. Ta ja mini gashi. Allah Ya sa ba wanda ya gani, ina cikin takaba.

Lahadi, 12 ga Fabrairu
Goggo ta ga allon a kan gado. Ta ce mi ne na? Na ce na jingina baya ne, na direbobi. Ta ɗauka, ta zauna a kai ta yi lazimi. Na rasa inda zan sa idona.

Juma'a, 17 ga Fabrairu
Na sa an kira Mahamudu. Yana zaure, ina bayan labule. Da farko ya ce bai san komai ba. Can ya ce, "Madam, shekara shida ke nan. Likita ya ce bayansa ba ya son komai sai ruwa. In muna jiran lodi, tun da sahe shina pisin, wurin iyo."

Na ce ya iya?

Ya yi dariya, sannan ya nemi gafara. "Wata uku shina riƙe da allon nan kamar mai karatu. Daga baya sai ya je ya komo sau arba'in bai tsaya ba. Ko ranar da ya faɗi, ya yi da sahe."

Shekara shida. Ni da nake dafa masa ruwan gashin baya. Haushi nake ji ko me? Mahamudu ya ce in ya fito daga ruwa waƙa yake yi. Shekara ashirin da uku ban taɓa jin waƙarsa ba.

Asabar, 18 ga Fabrairu
In gaya wa Goggo? Kullum sai ta ce, "Ɗana bai taɓa saɓa mini ba." Na buɗe baki sau biyu, na tambaye ta ko za ta sha kunu.

Talata, 28 ga Fabrairu
Ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya ba. Allon ya zama nata.

Da hantsi, bayan na gama wanki, na cika babbar roba da ruwa. Na sa tabarau na tsoma fuska, don kawai in ga ko ruwa na shiga. Ba ya shiga. Ashe ana buɗe ido a ciki, komai tar, kuma ba ka jin kowa. Na ɗago, na sake. Na sake.

Nasiba za ta zo hutu. Na ce ta tambayo ko a pisin ɗin Yamai akwai ranar iyon mata. Tambaya kawai na yi.