Kujerar Ɗakin Waya

Litinin, 3 ga Maris

Yau na miƙa makullin motar asibiti. Shekara da shekaru ina jan ta, yau an ba ni kujera mai juyawa da abin saƙalawa a kunne a ɗakin waya, inda ake amsa kiran gaggawa a tura motoci. Dogo, ma'aikacin jinyar da muke fita tare, ya ce saura in ajiye tumbi. Na ce ya bar bayana ya huta tukuna. Likita ma cewa ya yi in na ci gaba da cicciɓar gadon marasa lafiya a matakala, wata rana ni za a cicciɓa.

Gwajin wata uku ne. In na ci, a tabbatar da ni.

Laraba, 5 ga Maris

Na zayyana wa maman yara tsarina: shekara biyu a kujerar nan, sai kwas, sai mataimakin Oga, shugaban ɗakin wayar. Da an tabbatar da ni kuma mu bar hawa na uku mu koma gidan ƙasa marar matakala, saboda Baba da ke zaune tare da mu. Hawan jininsa da matakalar nan ba sa shiri. Ta ce in fara koyon zama wuri ɗaya tukuna.

Asabar, 15 ga Maris

Akwai allo a bango. Koren ɗigo motar da ba ta da aiki, jan ɗigo wadda ta fita. Da rana ta ɗaga sai ka ga allon ja wur. Anti, wadda teburinta ke kusa da nawa, ta koya mini abin da ake cewa: "Mota na kan hanya, ku kwantar da hankalinku." Na ce ai babu motar. Ta ce ai za a samu. Wai in ka ce wa mai kira ya nemi wata mota, kiran ya shiga cikin waɗanda muka kasa, kuma na sama suna gani. Wanda ya jira kuwa, ko yaushe mota ta isa, an amsa masa.

Na san maganar nan ta ɗaya ɓangaren. Sau nawa na taka birki a ƙofar gida na tarar da mutane cirko-cirko, wani ya ci kwalata yana cewa tun ɗazu aka ce muna hanya. In yi ta rantsuwa yanzu aka gaya mini, ba mai yarda. Ashe daga nan take fitowa, daga bakin Anti mai raba mana alewa.

Ni dai ba zan faɗa ba. Na rubuta a nan don in riƙa gani.

Talata, 25 ga Maris

Wata mata ta kira, ɗanta ya sha maganin ƙwari. Babu kore ko ɗaya. Na gaya mata gaskiya, in akwai maƙwabci mai mota su kama hanyar asibiti yanzu. Ta manta ba ta kashe wayar ba, ina jin takalminta tana gudu. Na ci abinci da daɗi yau.

Alhamis, 27 ga Maris

Oga ya kira ni ofis. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya kunna mini muryata a kiran matar nan, ya tambaye ni, da yaron ya shiƙe a motar maƙwabci, ba iskar taimakon numfashi, ba ma'aikacin jinya, a wuyan wa zai rataya? Abin haushin, ba duka maganarsa ce banza ba. Sai ya tambayi lafiyar bayana, ya ce har yanzu ba a ba kowa tsohuwar motata ba.

Na gane.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na tarar da Baba zaune a matakala yana haki. Ya ce takalminsa yake gyarawa.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Cewa na yi "za a turo mota," ban ce tana kan hanya ba. Akwai bambanci. Ina ga akwai.

Laraba, 7 ga Mayu

Dogo ya same ni a kantin abinci na wajen aiki, ya zauna bai ko cire safar hannu ba. Jiya aka tura su wani gida a bayan tashar jirgin ƙasa, dattijo ne ƙirjinsa ya riƙe. Sun isa an riga an rufe shi da zane. Abin da ya tsaya wa Dogo a rai, akwai motar maƙwabci a ƙofar gidan, ƙofar baya a buɗe, har an shimfiɗa bargo a kujera. Ɗan dattijon bai zage su ba, bai ci kwalar kowa ba. Cewa kawai ya yi sun so su tafi da shi, amma mutumin da ya ɗauki waya ya ce kada su motsa shi, mota na kan hanya, kuma ya yi magana kamar wanda ya san aikinsa.

Na tuna kiran. Na tuna har kukan jariri a bayansa. Motar Dogo tana can wani gefen gari a lokacin, na sa ran za su gama da wuri.

Dogo ya ce likitan da ya duba gawar ya ce wataƙila ko an kai shi ba zai yi rai ba. Na riƙe wannan wataƙilar da hannu biyu. Bai tambaye ni wa ya ɗauki wayar ba. Ya dube ni kawai, ya ce, "Bayan naka ya yi sauƙi?" Na ce da sauƙi. Ya tashi ya bar shayinsa.

Raina a jagule yake. Ban gaya wa maman yara ba.

Talata, 20 ga Mayu

An buɗe neman kwas ɗin. Oga ya ce zai sa mini hannu, ba sai na cika shekara biyun ba. Dogo ya daina shigowa kantin.

Litinin, 2 ga Yuni

An tabbatar da ni. Anti ta ba ni alewa biyu. An kawo sababbin ma'aikata, Oga ya kunna musu wani kira don su ji yadda ake kwantar wa mutum da hankali. Sai da na ji kukan jaririn na gane muryata ce. Gaskiya muryar ba ta rawa ko kaɗan, ni ma da na ji ta zan jira.

Na je na ga gidan ƙasan, sai ƙarshen wata za a tashi daga ciki. Da na dawo, kafin na hau sama na tsaya wajen mai tasin da ke layinmu na karɓi lambarsa, na sa wa maman yara a waya. Na ce in wani abu ya sami Baba ba na nan, shi za ta kira, su tafi kawai, kada ta kira wajen aikinmu.

Ta ce, "Ko kai ne a kan wayar?"

Na ce ko ni ne.

Na tashi na jona dutsen guga, gobe da safe nake da aiki.