Inna, Sun Gwada Nonona da Tururuwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, amma cikina ya cika da magana, kuma ke nake son faɗa wa.

Na haihu, Inna. Mace ce, sunanki aka sa mata, muna ce mata Ummi. Shekaranjiya muka yi arba'in.

Ba zan ɓoye miki ba, kishin Yaya Hauwa nake yi. Haihuwarta uku, duk a ɗakinki a Garo ta yi wanka. Ina tuna ki kina dama mata kunun kanwa, kina gyara mata zaman jariri a cinya, ni kuwa ana aikena ɗebo itace. Da nawa ya zo, shekararki biyu a ƙasa. A Kara na yi jego, gidan miji, a hannun Gwaggo Ladi, yayar mahaifinsa.

Tun ranar farko ta sa na matse dakashi, nonon farko, na zubar, wai ƙazanta ne. Ruwan ɗumi ta riƙa ɗura wa Ummi da cokali. Da muka je awo bayan suna, sikeli ya nuna yarinyar nan ta ragu. Kusa da ni wata 'yar garin Gude ce zaune, ɗanta ɓul-ɓul, uwarta na riƙe mata jaka tana yi mata fifita. Na ce tubarkalla da baki, amma zuciyata ba ta ce ba. Kuma ba ɗan na fi kallo ba, tsohuwar nake kallo.

Muna dawowa Gwaggo ta sa na tatsa nono a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa a ciki. Matan gida suka kewaye mu. Tururuwa ta yi ta watsal-watsal har ta daina motsi. Nan take aka yanke hukunci: nonona mugu ne, in daina ba ta, a koma madarar akuya. Na dubi mijina, ya sunkuyar da kai, don shi ba ya ja da gwaggonsa. Inna, ban taɓa jin maraici irin na ranar ba.

Washegari na saɓi Ummi na koma asibiti ba da sanin kowa ba. Wata dattijuwar malamar asibiti ta sa na shayar da ita a gabanta. Ashe kan nonon kawai take kamawa, tana tsotso ba ta samun komai. Malamar ta manna min cikin Ummi da cikina, ta jira ta buɗe baki sosai, sannan ta sa mata nonon. A karon farko na ji yarinyata tana haɗiya. Malamar ta ce jarirai kan ɗan ragu a kwanakin farko, amma ruwan nan shi ke cika mata ciki, a daina, in dawo awo bayan mako.

Na kira Yaya a waya ina kuka, sai ta kama dariya. Wai ita ma dangin mijinta sun yi mata gwajin nan a haihuwar fari, a tsakar gidanki. Kika karɓi ludayin kika kifar, kika ce, "Ko a Zamzam ka jefa tururuwa, nutsewa za ta yi."

Na je na durƙusa gaban Gwaggo, na maimaita mata maganar nan cikin ladabi. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba, amma ba a sake kawo madarar akuya ba. Sikeli ya fara hawa, bai kuma sauka ba. Ranar arba'in ita ce ke nuna wa baƙi cinyoyin Ummi, wai aikin kununta ne. Na bar mata.

Kin cece ni, Inna, amma ko maganar da ta cece ni ɗin, aronta na yi. Yaya da kunnenta ta ji, kina tsaye a gabanta. Ni a waya na ji.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya raya min takwararki. Ya ba ni tsawon ran da in ta haihu ni zan karɓi ludayin.

Autarki,
Binta