Gaisuwar Baba da Kamfanin Araha

Limancin Kona,
Birnin Zariya.
Agusta, 1998.

Zuwa ga ƙanena Ja'afaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai jego Jummai da 'yar baƙuwarmu. Allah Ya raya ta, Ya albarkaci rayuwarta, Ya ba uwarta lafiyar shayarwa, kai kuma Ya sa ka gama karatun nan naka na Malesiya ka dawo mana, don mun fara mance ko fari ne kai ko baƙi. Mu nan duk lafiya lau. Damina ta yi kyau, masarar bayan ganuwa ta fi mutum tsawo. Soron Baba ya yi yoyo a farkon wata, an kira magina sun yi masa yaɓe, kuma har yau Baba yana cewa ba su iya aiki irin na mutanen da ba. Ƙafarsa ta yi sauƙi, yana zuwa masallaci da kansa, karatun safe a zaure bai fasa ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda da biro daga wurin mai kwamfuta. Dalili shi ne ka tambaye ni ta imel abin da ya sa sunan yarinya ya kusa makara, ni kuwa amsar tana da tsawo, kuma akwai wani yanki nata da na fi so ka riƙe shi a hannunka. Da na ji ɗan Alhaji Inuwa zai koma makaranta can wajenku, sai na ce to ga ɗan aike ya samu.

Ka san tun da ka aiko mini da kwamfutar nan da ɗan akwatin da ke haɗa ta da layin waya, shagona na buga takardu a Ƙofar Gayan ya zama gidan waya na biyu. Duk mai ɗa a ƙasar waje ya ji labari. Shirin da ka tsara mini shi ne saƙonnin mutanen unguwa su riƙa taruwa a kwamfutata, ni in buga wa kowa nasa a takarda, amma dole sai na yi rajista da wani kamfani da zai riƙa ɗaukar saƙon daga wurina ya fitar da shi waje, ya kuma kawo mini na shigowa. Ka ce in nemi mai sauƙin kuɗi wanda ba ya ba da kunya, kuma in gama kafin Jummai ta sauka, domin Baba ne zai zaɓi suna kamar yadda ya zaɓa wa duk jikokinsa, takardar gidan waya kuwa kafin ta iso muku yarinya ta fara zama. Waya ba ta cikin lissafi, ka san kunnen Baba, kuma layin shagona ba ya fita waje.

Wuri uku na samu. Akwai wani babban kamfani a Legas, mai takardun talla masu ƙyalli, amma kullum sai na buga waya Legas, kuma ka san samun layin Legas daga Zariya sai mai dogon haƙuri. Akwai wani a Kaduna, wanda wakilinsu, wani Kabir mai zaƙin baki, ya zo har shago da jakarsa, kuma nasu ya fi na kowa araha nesa ba kusa ba. Na ukun ba kamfani ba ne ma. Wani Malam Bahago ne a Wusasa, tsohon ma'aikacin gyaran na'urori, wanda ya kafa tasa kwamfutar a ɗakin gidansa tana karɓar saƙo tana turawa, ya ja layi biyu, in na Kaduna ya ƙi sai ya bi ta Kano. Kuɗinsa ya ɗara na Kabir, bai kai na Legas ba. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da shi, ko ba komai in abu ya lalace na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

To, sai Yaya Labaran ya shigo maganar. Ka san Yaya da araha, mutumin da zai zagaye kasuwar birni sau biyu saboda kuɗin albasa. Ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne, ba zai yarda sirrin gidanmu ya riƙa kwana a ɗakin wani mutum a Wusasa ba, a bi kamfani mai ofis da hatimi. Kabir ya ambata a gurguje cewa a tsarin araha kowane saƙo ba ya wuce shafi guda, abin da ya haura injin ne ke datse shi. Yaya ya ɗaga hannu ya ce wace magana ce a duniya za ta wuce shafi guda? Ni ma na yi dariya na sa hannu. Mu duka biyun a gidan Baba muka tashi, amma ba wanda ya tuna yadda Baba yake rubuta wasiƙa.

Albishir ɗinka ya iso lafiya, Jummai ta haihu ranar Asabar, mace. Gida ya kaure da guɗa. Ranar Talata na kwashi takarda da biro na zauna gaban Baba a zaure ya yi mini shifta. Ja'afaru, ka ga abin da ya iso maka, amma ba ka ga yadda aka yi shi ba. Ya fara da bisimilla da salati, ya gaishe ka, ya gai da Jummai, ya gai da iyayenta da ke nan Tudun Wada waɗanda ya gani da idonsa shekaranjiya. Ya gai da malaminka na jami'a, da mai gidan da kuke haya, da limamin masallacinku da ladaninsa. Ya tambaye ni ko kuna da mai unguwa a can, na ce ban sani ba, ya ce a gaishe shi ko da akwai. Ya yi wa ungozoma addu'a, na ce likita ce, ya ce a rubuta duka biyun. Sai can ƙarshe, da murya ƙasa-ƙasa, ya faɗi maganar suna a jimla ɗaya, ya tashi ya shiga ciki. Na je shago na buga shi tsaf na tura, na dawo gida ina taƙama.

Washegari sai ga amsarka, cewa gaisuwa ta iso har kan ladan, daga nan babu komai, ina sunan? Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Na kira ofishin su Kabir, wata yarinya ta ce haka dokar take, in ina son dogon saƙo in zo Kaduna in sake rajista, za a buɗe mini a mako mai zuwa. Na ce mata suna ranar Asabar ne, ta ce Allah Ya raya. Na yi niyyar tura ragowar shi kaɗai a saƙo na biyu, Baba ya ji ya ce atafau. Ya ce shi ba zai jefa wa ɗansa sunan jikarsa kamar ana watsa wa kaji tsaba ba, in za a aika a aika da gaisuwarsa gaba ɗaya. Muna cikin wannan ja-in-ja aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya daren Laraba, gari na wayewa layin Kaduna ya mutu murus. Ranar Alhamis tun safe nake bugawa har la'asar, ko ƙara babu. Gaskiya na tsorata. Na san in ranar suna ta zo babu saƙo dole ka raɗa mata wani, kuma na san Baba ba zai ce komai ba, zai dai riƙe abin a ransa har ƙarshen rayuwarsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sa saƙon a faifan kwamfuta na ce wa Yaya ya tayar da tsohuwar fijo ɗinsa, Wusasa za mu. Bai yi musu ba, tun ranar Laraba ba ya iya haɗa ido da ni. Muna shirin fita sai ga Baba da rawaninsa da sandarsa, ya ce ƙafarsa ƙafarmu, yana so ya ga mutumin da zai ɗauki amanarsa. A hanya ne ma Yaya ya tuna cewa garinku yana riga namu wayewa, wato asubar Asabar ɗinku tana zuwa mu ko barci ba mu yi nisa ba. Ban taɓa ganin motar nan ta yi gudu irin na ranar ba.

Gidan Malam Bahago yana bayan coci kaɗan. Dattijo ne mai furfura da fara'a, ya fito ya durƙusa ya gai da Baba, su biyun suka shiga gaisuwa, gajiya, iyali, damina, ƙafa, ni ina tsaye da faifai a hannu kamar in yi kuka. Ɗakin nasa ƙarami ne, kwamfuta biyu, baturan mota a jere a ƙasa saboda ɗaukewar wuta, da fanka tana hura wa injin iska ba mutane ba. Baba ya tambaye shi ko shi ma yana yanke wa mutane magana. Malam Bahago ya yi dariya ya ce shi Bahaushe ne, ya san wasiƙar da ba gaisuwa ba wasiƙa ba ce, ko shafi nawa ne zai tafi. Na ga Baba ya gyara zama, na san an gama ciniki. Tun ranar na mayar da rajistar shagona gaba ɗaya wurinsa, kuma Yaya da bakinsa ya ce bambancin kuɗin shi zai riƙa biya. Ka rubuta wannan ka ajiye, don ba na jin za a sake ji.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Da Malam Bahago ya buɗe saƙon ya karanta har ƙasa, sai ya ce shi al'adarsa ce ya sa muhimmiyar magana a kan saƙo, wurin da ake fara gani, don ko wani abu ya sami sauran a hanya ita ta isa. Ya ce ya ga an rubuta a sa wa yarinya sunan mahaifiyarmu, to wane suna zai buga? Ni ba zan iya kama sunan Inna a gaban Baba ba, Yaya ma ya sunkuyar da kai. Kai ma shaida ne, tun muna yara har Allah Ya karɓi ranta ba mu taɓa jin Baba ya kira ta da suna ba, daga "ke" sai "uwar yaran nan". A lokacin na gane abin da ya sa gaisuwar ranar Talata ta fi ta kullum tsawo, kewaye-kewaye yake yi kafin ya iso wurin. Malam Bahago ya lura, ya ji kunya, ya fara ba da haƙuri yana cewa a bar shi yadda yake. Baba ya ɗaga masa hannu. Ya dubi allon kwamfutar, ya ce, "Rubuta Rabi'atu." Sannan ya sake faɗa a hankali, wai don kada a yi kuskuren harafi, alhali Malam Bahago ya riga ya buga daidai. Na juya ina duban batura don kada a ga idona. Na yi farin ciki, na kuma yi kewar Inna a lokaci guda, har ban san wanda ya fi yawa ba.

Kan saƙon nan da ka gani, kalma ɗaya tak, daga bakin Baba ya fito, sau biyu. Ina so ka sani, kuma in yarinya ta yi wayo ka gaya mata.

Baba yana gaishe ku, kuma ka yafe mini, na taƙaita. Yaya Labaran da iyalinsa suna gaisuwa, haka Gwaggo Kande da Mariyamu da yaranta. Malam Bahago ya ce a yi maka barka. Ka gai da Jummai da kyau, ka ce ta riƙa shan kunu ko da na shinkafar can ne. Ka shafa mini kan Ummi, don mu nan haka za mu riƙa kiranta, sunan nata mun bar wa Baba.

Wassalam.
Yayarka,
Sakinatu.