Sunan da Hannuna Ya Ƙi Rubutawa

Zuwa ga Shugaban Makarantar Horon Malamai,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fata kana lafiya, kai da malaman da ke ƙarƙashinka. Ni tsohon ɗalibinku ne, mutumin Makarfi, yanzu ina koyarwa a elementaren wani ƙauye bayan Paki. Na biyo ta jarida ne don wasiƙun da na aiko ofishinka shiru kake ji, kamar an shuka dusa.

Kun ce duk mai neman takardar ƙarin girma ya rubuta bincike a kan wata sana'a ta ƙasarsu. Na ɗauki noman rake da dafa mazarƙwaila, sana'ar gidanmu. Sai da takardar nan En'e, hukumar gargajiya da ke raba mana wuraren aiki, za ta mayar da ni Makarfi, inda mahaifiyata ke zaune ita kaɗai tun rasuwar Baba bara da kaka. Sau biyu ana dawo mini da aikin. Ba a ce na yi ƙarya ba. Duk jan alƙalamin a ƙasan shafi yake, wurin da ake faɗin inda aka samo magana.

Na farko. Ƙa'idarku ta ce a sa sunan mai littafi, da sunan littafin a ja masa layi, da shekara, da shafi. Ban raina wannan ba, don ko a zauren karatu malami yakan faɗi daga wa ya ji. Littattafan da na samu na jera su yadda kuke so, ko waƙafi bai ɓace ba. Amma wane littafi ne ya san lokacin da ruwan rake ya isa saukewa daga wuta? Wannan a bakin Baba na ji, ina kora dokin da ke juya injin matse rake. Baba kuwa ba shi da shafi. Sai na rubuta, "Daga bakin mahaifina, Allah ya ji ƙansa."

Na biyu. Malamin da ya duba ya rubuta a gefe cewa "mahaifina" ba suna ba ne, in sa cikakken suna ko in cire maganar duka. Na san baƙo ne, wataƙila a ƙasarsu ɗa ya kira sunan ubansa ba komai ba ne. Mu ba haka muka tashi ba. Tun da na yi wayo sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Maƙwabcinmu mai irinsa ma Mai-sunan-Baba nake ce masa. Ku duba rajistarku, sunan garinmu ne a bayan nawa, haka yawancin 'yan ajinmu, kuma ba wanda ya taɓa tambayarmu dalili.

Na ɗauki alƙalami ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, hannuna ya ƙi. A ƙauyen nan ni kaɗai ne babba mai rubutun boko. Mutane suna girmama ni, su gaishe ni daga nesa su wuce. In an tashi makaranta, daga ni sai akwatin littattafaina, ba wanda zan ce wa ya kake gani. Wallahi kaɗaici ya ishe ni. Daga ƙarshe na je wurin Liman, wanda ya san Baba a kasuwar Makarfi, ya rubuta mini sunan da ajami a 'yar takarda, na liƙa a ƙasan shafin na sake aikowa.

Na uku. Aka sake dawo da shi, wai ajami ba ya cikin tsari, kuma wai sunan uban mutum ake fara sawa kafin nasa. Wato yanzu sunaye biyu ake nema a hannuna, na Baba da na Kaka. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Na san in na cire maganar Baba aikin zai wuce. Amma sai ya zama kamar ni na ƙago abin da ya ƙare rayuwarsa yana koya mini. Ku ne kuka koya mana cewa ɗaukar maganar wani ba tare da an ambace shi ba sata ce. To ni ba zan yi wa ubana sata yana kabari ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, a buɗe wuri a ƙa'idar nan don abin da aka ji daga baki, a yarda ɗalibi ya faɗi garin mutum da sana'arsa da abin da ke tsakaninsu. In kuwa sunan ne dole, yana nan da hannun Liman, akawunku ya juya shi zuwa boko. Ina roƙo a yi haka kafin a raba wuraren aiki na bana. An fara saran rake, namu yana tsaye ba mai sara. Mahaifiyata ta aiko tana tambaya me ya tsare ni, na rasa yadda zan gaya mata sunan mijinta ne, sunan da ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya ba ka 'ya'ya masu jin nauyin sunanka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malamin elementare, ƙasar Ikara.