Zuwa ga Alhajin da Motarsa Take Yi wa Rakiya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, zuwa ga jikana kuma angona, Alhaji Sabi'u dillalin tumatir, mazaunin Kumbotso. Ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Idan ka tambayi tamu lafiyar, alhamdu lillahi, ko da yake na san ba ka tambaya ba.

Da hannuna na rubuta wannan takarda, da ɗan bokon yaƙi da jahilcin da na yi, kuma ni na ce wa matarka ta ɗora ta inda abokanka na waya za su gani. Na kira ka, ba ka ɗauka ba. Na aika, an ce kana hanyar Legas. Wata takwas ke nan ba ka tako Kura ba. To tunda kunyar mutane ce take juya ka, bari in haɗa ka da mutanen.

Ka tuna ranar da ka zo yi mini sallama za ka tafi Masar? Daga zaure zuwa ƙofar ɗakina sau biyu ka tsaya, kana haki kamar injin ban ruwan da ya zuƙi iska. Ka ce za a yanke maka tumbi, a bar maka ɗan abin da bai fi ayaba ba. Na ce ikon Allah, 'ya'yan mutane suna zuwa Masar neman ilimi, nawa angon rage rumbu zai je.

Ka dawo ka yi jinya a wajena wata huɗu. Cokali uku na faten wake, ka ce ka ƙoshi. Da bakinka ka gaya mini likita ya ce wuƙarsa rabin aiki ta yi, sauran rabin na ƙafafunka ne. Kullum aka sallame asuba sai ka kama bakin kanal ɗin ban ruwa, ka miƙe har kusa da gonakin Kadawa, ka dawo rana ta ɗago, riga sharkaf. Wuya ya fito. Ka zauna a tabarma ka tashi ba wanda ya ja ka. Ka yi sujada goshinka ya taɓa ƙasa, ban san sanda na yi guɗa ba. Maganin ciwon sukarin da kake sha ma aka rage maka.

Sai mutanen garinmu suka shigo, Allah Ya shirye su. Su a wajensu duk Alhajin da ya rame, ko ciwo ko karayar arziki. Mata suka fara zuwa dubiya da kwanon kunu, suna kallonka suna cewa sannu, Allah Ya sa kaffara ne. A bakin kanal kuwa ba mai babur ɗin da zai wuce ka bai ja birki ba. Alhaji lafiya? Ina motar? Hau in rage maka hanya. Har mai amalanken shanu sai da ya matsa maka wuri a kan buhunan albasa. Mutanen da tun suna goye suke yini a tsaye cikin fadama, ba su taɓa jin an yi tafiya don tafiyar kawai ba. Kafin sati biyu labari ya kai kasuwa cewa kayanka sun ruɓe a hanyar kudu, an sayar da motar.

Nan fa hankalinka na manyan 'yan kasuwa ya motsa. Maimakon ka ce musu likita ne ya sa ka, sai ka sa direba ya riƙa binka da motar a baya, sannu-sannu, don kowa ya ga tana nan. Kana gaba, ƙatuwar mota tana bayanka kamar akuyar da aka saba ba wa dusa. Wallahi na yi dariya har sai da haƙorin Makkana ya motsa. Masu dashen shinkafa suka riƙa miƙewa suna dafe ƙugu suna kallo.

Daga nan sai ka je da ƙafa, ka dawo a mota, wai rana. Daga nan sai rabin zuwan. Ranar ƙarshe da na gan ka a bakin kanal, kana kujerar baya ka sauke gilas, ka fito da gwiwar hannu, wai kana shan iskar safe. Direbanka ne kaɗai ya motsa jiki ranar, shi ma ƙafar dama.

Da ka koma birni na ji ka sayi injin tafiya, wanda mutum zai yi ta sauri bai bar falo ba. Hajara ta ce sau biyar ka hau. Yanzu babbar rigarka ce take hawa kullum, ita kam ba ta fashi. Ka sayi fararen takalma, ka sayi agogon da yake ƙirga taku. Agogon nan da yana da baki da ya kai ƙararka wajen mai unguwa.

Kuma na ji wayon da ka gano. Tuwo ba ya shiga da yawa, nama yana tsaya maka, amma abu mai ruwa-ruwa wucewa yake salin-alin. Sai ka koma fura da sukari, lemon kwalba, shayi mai kauri, kana kurɓa daga hantsi har magariba kamar jariri. Ka tsallaka ƙasa an yanka ka, ka dawo ka zauna kana yi wa ɗinkin dabara. Wa kake cuta, likitan? Yana can garinsu, ya manta kamanninka.

A nan dole in faɗi nawa laifin, kada a ce tsohuwa ta ɓoye. Furar farko ni na dama maka. Na ga ƙashin wuyanka, na ji matan nan suna ta sannu, zuciyata ta karye, na zuba sukari na miƙa maka a bayan idon Hajara. Ni ma 'yar garin nan ce, haka aka raine mu, ƙiba ita ce shaidar ana jin daɗi. Na tuba. Kai da ka yi makaranta har ka ga Masar, mene ne naka uzurin?

Na san abin da ya hana ka zuwa. Rigunan da ka kai aka rage sun daina shiga, tsofaffin da ka bayar kuma ba a karɓowa. Da kana kunyar a gan ka a rame, yanzu kana kunyar a ga ka koma. Har yaushe idon masu babur zai riƙa yanke maka hukunci?

Sabi'u, bari in ajiye wasa. Kana da shekara goma sha ɗaya ubanka ya rasu, ba a bari ka ga komai ba. Ni na gani. Ɗan ƙaramin ciwo ne a yatsan ƙafa, kara ya soke shi a gona, sukari ya hana shi warkewa. Ni nake wanke masa da ruwan ɗumi safe da yamma, yana ce mini Inna bari, kin gaji. Aka cire yatsan, aka cire ƙafar, bai kai hamsin ba. Na zauna a tsakar gidan nan kwana bakwai ana yi mini gaisuwar ɗan da na haifa. Hajara ta ce an mayar maka da maganin da aka rage, har an ƙara wani. Ba ni da ƙarfin sake wannan zaman. Kai ne ya kamata ka karɓi gaisuwata.

Saboda haka ga shawara, kuma na sauƙaƙa maka. Ranar Asabar ka yi asuba a Kura. Ka bar motar a ƙofar gida, ka ba direba hutu. Ka riƙe hannuna mu kama bakin kanal. Duk wanda ya tsaya, ka ce kakarka ce gwiwa ta dame ta, aka ce a riƙa zagawa da ita. Ba wanda zai ce arzikinka ya karye, sai dai a ce yaron nan akwai jinƙai. Zan ma ɗan yi ɗingishi don maganarka ta zauna. Wanda ya matsa da tambaya kuwa ka bar ni da shi, na san uwar kowa a garin nan da abin da ta yi tana budurwa.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya ƙarfafa ƙafafunka, Ya raba ka da sharrin masu sannu. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa kai za ka raka ni makwancina, da ƙafarka, ba ka haki. Amin.

Ka gaida Hajara, kada ka yi mata faɗa, ni na tsare ta da tambaya.

Taka har kullum, amaryarka mai sanda,
Inna ta Kura.