Robar Bakina

Asabar, 2 ga Agusta, 1997

Na dawo Yelwa. Shekara biyar ina Ibadan wurin Kawu Wakili, ƙanen Inna, biyun ƙarshe da ƙarfe ɗaure a haƙora. Da aka cire ƙarfen na ce na huta, ashe da saura. Likita ta miƙo mini wata roba ruwan hoda da aka yi daidai da ganɗata, da siririyar waya mai kama haƙoran gaba. Wai ritena sunanta. Dare da rana tana baki, sai in za a ci abinci. Ta ce in na yi wasa da ita, haƙoran za su koma inda suka fito. Na kuwa san inda suka fito. Gatso. Sunan da aka kira ni da shi ke nan tun firamare, sai ka ce ba a raɗa mini Barakatu ba. Ba zan koma ba, ko da ƙyanƙyamin wannan aba zai kashe ni.

Inna ta tarbe ni a zaure, hannunta duk warin banda. Na yi mata murmushi mai faɗi da gangan, don ta gani. Ta daɗe tana kallon bakina. Ba ta ce sun yi kyau ba. Cewa ta yi, "Ina wushiryar?" Na ce an rufe ta, haka aikin yake. Ta ce to, ta koma wurin kifinta.

Lahadi, 3 ga Agusta

Tuwon shinkafa da miyar kifi, kwano ɗaya ni da Inna da Gwaggo Asabe, ƙanwar marigayi Baba. A Ibadan bayi nake shiga in cire robar kafin cin abinci. Nan na manta sai da na zauna. Na sa yatsa na ɓalle ta, ta fito da miyau yana bin ta zarara har kan tabarma. Gwaggo ta mayar da lomar da ta ɗiba, ta ce ita ta ƙoshi. Ban ga laifinta ba. Ni ma da ƙyar na ci.

Alhamis, 7 ga Agusta

Warinta da safe, kai! Kamar ruwan wankin kifi da ya kwana. Burushi, sabulu, ruwan randa, kullum sau biyu. Likita ta ja mini kunne sosai, ban da ruwan zafi, ban da kusa da wuta, roba ce, lanƙwashewa take. Ban faɗa wa kowa ba. Wa zan zauna in yi wa bayanin ƙazantar bakina? Bayan ɗaki nake zagayawa in wanke ta kamar mai satar wani abu.

Talata, 12 ga Agusta

Magana ma ba ta fita daidai. Harshe ya rasa wurin zama, miyau ya cika baki. Na je gaida maƙwabta na yi ta haɗiya kamar mai kwaɗayi.

Juma'a, 22 ga Agusta

Gwaggo Asabe ta sa ni gaba yau tana tsifar kai. Wai a duniya ba ta taɓa jin an kai mutum asibiti don a toshe masa wushirya ba, alhali wasu matan neman ta suke ido rufe. Na ce ba wushiryar ce matsalar ba, fitowar haƙoran ce, baki ba ya rufuwa. Ta ce to a tura su ciki mana, mi ya kai su ga taɓa ƙofar? Daga nan ta ce wushiryar nan ta Baba ce. Wai duk gidansu shi kaɗai Allah ya ba, sai ni. Wai in ya yi dariya a cikin jirginsa, daga bakin ruwa ake gane shi.

Ni ina goye ya rasu. Hotonsa ɗaya ne a gidan nan, bakinsa a rufe, ya haɗe rai kamar an tilasta shi. Ina zan sani? Kuma ba su aka kira Gatso ba, balle su ji abin da na ji.

Lahadi, 31 ga Agusta

Tir da yau.

Mun shiga jirgi zuwa Wara sunan jikar Gwaggo. Na bar akwatin robar a gida. Da aka kawo abinci na juya baya na cire, na ƙunshe a 'yar takarda na aje gefen ƙafata. Kafin in wanke hannu an share wurin. Na tambayi mai sharar, ta nuna mini juji a bayan gida. Ni da sabuwar atamfata, tsugune a kan juji, ina tona ƙayar kifi da ɓawon rake da guntun tuwo da hannuna, mata sun leƙo ta katanga suna tambayar ko ɗan kunne ne ya faɗi. Na ce e, ɗan kunne ne.

Na same ta. Kiyashi sun yi mata baƙi ƙirin, da ɓawon kifi manne a waya. Na wanke ta sau nawa ban sani ba. Sannan na rufe ido na mayar da ita bakina. A jirgi da muke dawowa na yi amai a ruwa, kowa ya ce igiyar ruwa ce.

Laraba, 3 ga Satumba

Warin jujin nan bai fita ba. Ko hancina ne. Ina wanke ta ina kuka a bayan ɗaki, ina cewa wannan wari sai ya ga bayana. Na ji kamar motsin mutum, ban waiga ba.

Juma'a, 5 ga Satumba

Ta lalace.

Na cire ta zan ci ɗumame, na aje a akwatinta kan taga, Gwaggo ta aike ni kasuwa na tafi ban mayar ba. Yau Juma'a, ranar da Inna ke turara kaya. Ta zuba garwashi a kasko, ta kifa kwando, ta shimfiɗa zannuwa. Na dawo ta tarbe ni da fara'a, irin wadda ban gani ba tun zuwana, ta miƙo mini abin a tafin hannu. Ta wanke ta da tafasasshen ruwa kamar yadda take wa ƙwaryar nono, sannan ta ɗora ta a bakin kasko ta sha turaren wuta. Ƙamshi kam ta yi. Amma ta nannaɗe kamar soyayyar ganda, wayar ta karkace gefe guda.

Na gwada, ba ta shiga. Na danna, dasashi ya fashe da jini.

Allah ya yafe mini abin da na faɗa wa Inna. Na ce dama ba ta so, dama tun ranar da na dawo take baƙin ciki da bakina, yanzu ga shi ta samu yadda take so. Ta tsaya da kaskon a hannu. Ta ce, "Naj ji kina kukan warinta, ɗiyata. Ban san wuta na ɓata ta ba." Ta kwashe zannuwan ta shiga ɗaki.

Asabar, 13 ga Satumba

Na ba direban da ke kai bandar Inna kudu saƙo wurin Kawu. Ya dawo da amsa: Kawu ya yi tafiyar aiki, sai wata mai zuwa, in biyo motar kifi in taho. Wata guda da wani abu baki ba komai. Ina danna haƙoran da babban yatsa ina karatu, ina danna su ina wanke-wanke. Aikin banza, na sani.

Ina gaida Inna, tana amsawa. Iyakarta ke nan.

Alhamis, 25 ga Satumba

Harshena ne ya fara ji. Na duba madubi, wani siririn layi tsakanin na gaba biyu. Na sa tsinken tsintsiya, ya wuce. Shekara biyu ta ciwon baki da kunu da koko, ga ta tana zubewa ina kallo.

Abin haushin, bakina ya daina wari, abinci ya dawo da daɗinsa. Har wannan ma haushi yake ba ni.

Lahadi, 5 ga Oktoba

An kawo kifi da yawa daga tsibiri, hannu bai isa ba, na fito taya Inna juya su a kan banda. Hayaƙi, ƙuda, ƙarni har cikin gashi. Gwaggo ta sunkuya ɗaukar wani ƙaton kifin tarwaɗa da ta ɗauka ya mutu, ya make ta da jela a fuska, ta zauna daɓas cikin daro. Na manta da bakina. Na yi dariya har da riƙe ciki, irin wadda na rabu da yi tun ina yarinya, ba hannu a baki.

Na ɗago na ga Inna ta saki kifin da ke hannunta tana kallona. A hankali ta ce, "Giɗaɗo." Sunan Baba. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, mai gidan nan take cewa, ko marigayi. Ta juya ta goge ido da gefen zani, ta ce hayaƙin yau ya yi yawa.

Da la'asar na kai mata ruwan alwala, na ce ta yafe mini maganar ranar Juma'ar nan. Ta ce ai ita ta ɓata mini abu. Mun zauna muna ware kifi manya da ƙanana har aka kira magariba.

Talata, 21 ga Oktoba

Ibadan. Na iso ina warin banda tun daga ɗankwali har takalmi. Likita ta juya robar a hannu, ta shinshina, ta tambayi me ya same ta. Na faɗa mata, ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta duba bakina. Haƙoran ba su fito ba sosai, baki yana rufuwa, tsakiyar ce ta buɗe. Ta ce zaɓi biyu ne. Ko a mayar da ƙarfe na 'yan watanni a sake rufewa, ko a yi sabuwar roba da za ta riƙe su a inda suke yanzu. Kawu ya ce a mayar da ƙarfen, ai ba a fara aiki a bar shi rabi.

Na ce a bar su haka.

Sun cusa mini wannan kwaɓaɓɓen abin awo a baki, mai kama da danƙo, na yi ta kakarin amai.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Yelwa. Sabuwar ma ƙazamar ce, miyau ɗaya, wari ɗaya da safe. Na wanke ta a tsakar gida gaban kowa, na nuna wa Inna: ruwan randa kawai, ban da wuta. Ta zaro wani ɗan kwano mai murfi daga cikin jerenta ta ba ni, wai in riƙa ajewa a ciki, kada a sake sharewa.

Saboda zafin ƙarfe ne na ƙi a mayar da shi. Haka na ce wa likita, haka na ce wa Kawu. Wa zai so ya koma shan koko?

Inna ta tambaye ni ko wannan ma rufe wushiryar za ta yi. Na ce a'a, wannan riƙe ta za ta yi. Ta ce to, ta koma wurin kifinta. Yau ba ta ce hayaƙi ya yi yawa ba, amma na ga ta goge ido.