Dutsen tsibirinku da kaushin Inna

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya kaɗaici a tsakiyar teku? Ya tsuntsayen naku da ka ce babu irinsu sai a tsibirin nan? Mu nan Gyaɗi-Gyaɗi lafiya lau.

Yaya, kunya ce ta hana ni kiranka. Ka tuna dutsen da ka kawo mana, wanda ka ce aman wutar da ta haifi tsibirin ne ya daskare? Na cika unguwa da labarin ba ya nitsewa a ruwa. Har maƙwabciyarmu Malama Rifkatu, mai koyar da kimiyya a Tarauni, ta zo aronsa don ɗalibanta. Na buɗe kabad, babu shi. Muna cikin nema sai ga Inna daga banɗaki da shi a hannu, ya koma kamar guntun sabulu. Ashe tun tafiyarka da shi take goge kaushi.

Raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya a gaban baƙuwa. Inna ta jira sai da Malama ta fita. Sannan ta ce, "Ke kin kulle shi kina nuna wa mutane. Ni kuwa hannun yayanki ne ya ɗauko shi, shi ya sa nake so ya taɓa jikina."

Har yau na kasa haɗa ido da ita. Don Allah ka kira ta ka roƙa min gafara, ka kuma sa ni a addu'a. Ka gaida abokan aikinka. In za ka dawo, ka taho da wani, nata ita kaɗai.

Ƙanwarka,
Hauwa